Tambayi Likita: Antimoni Tirakuloraid, Sinadarin da Ke Komawa Asid a Jikin Mutum

Cikin saƙonnin da suka shigo mini a 'yan kwanakin nan, biyar sun haɗu a kan abu ɗaya, wato antimoni, musamman nau'insa da ake kira antimoni tirakuloraid, wanda masana ke rubutawa SbCl3: ƙwayar antimoni ɗaya riƙe da ƙwayoyin kulorin uku. Bari in fara da halinsa, domin yawancin amsoshin a kansa suka rataya.

A cikin kwalba, ƙanƙara-ƙanƙara ne marar launi, mai laushi, da wari mai sukar hanci. Yana narkewa a wajen digiri 73 na ma'aunin Salshiyas, ya tafasa a wajen digiri 223. Abin da ya fi damun likita game da shi shi ne ƙishirwarsa ga ruwa. In aka bar murfin a buɗe, zai yi ta zuƙar danshin iska har ya jiƙe ya yi laɓe-laɓe, abin da ya sa masana sinadarai na Turai a zamanin da suka raɗa masa suna man shanun antimoni. Da zarar ya haɗu da ruwa sai ya rabu biyu: wani farin gari mai ɗauke da antimoni ya kwanta, asid na haidirokulorik ya fita. Jikin ɗan Adam kuwa ko'ina danshi ne. Ido da hawaye, baki da yawu, fata da gumi. Duk inda ya sauka, nan zai haɗa asid ɗinsa.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce, muna aiki da wannan sinadari a ɗakin gwaje-gwaje wajen gano bitamin A. Malaminmu ya ce ruwa na mayar da shi asid, amma takardar da ke manne a bango ta ce in ya zuba a hannu a wanke da ruwa. Ashe ba ƙara masa ƙarfi zan yi ba?

Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki ya faɗi gaskiya, takardar bangon ma ta faɗi gaskiya. Bambancin yana wajen yawan ruwan. Ruwa kaɗan, irin na jiƙaƙƙen ƙyalle ko ɗan yayyafi, shi ke haɗa asid mai ƙarfi ya bar shi zaune a fata. Ruwa mai yawa da ke gudana kuwa, kafin asid ɗin ya yi ɓarna ya riga ya tsinka shi ya kwashe shi. Kuma ko ba ki zuba ruwa ba, gumin hannunki ya ishe shi fara aiki. Don haka jinkiri ba ya kare ki da komai.

In ya zuba miki, fara cire duk abin da ya taɓa: safar hannu, hannun riga, agogo, zobe. In busasshen ɓarɓashi ne a fatar, kakkaɓe shi da sauri da busasshen abu, kada ki goga shi ya shige. Daga nan sai ƙarƙashin famfo, ki bar ruwa na kwarara a wurin na aƙalla minti 20. Ki duba agogon bango, don mai jin zafi yakan ga minti uku kamar rabin awa. Kada ki ce za ki kashe asid ɗin da soda ko wani sinadari. Haɗuwarsu na fitar da zafi, sai a samu ƙuna a kan ƙuna. Kada a shafa mai ko wani abu kafin likita ya gani.

Na taɓa duba wani saurayi da digo biyu suka shiga ta bakin safar hannunsa. Ya cire, ya share da jiƙaƙƙen hankici, ya mayar da safar ya ci gaba da aiki. Da ya zo wurina da yamma, wuyan hannun ya yi wani farin tabo mai kamar an ɗiga kyandir, kewayensa ja wur, tsakiyar kuma ba ya jin taɓawa. Rashin jin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali, domin alama ce ƙunar ta nutsa ta kai jijiyoyin da ke jin ciwo. Sai da ya yi makonni ana wanke masa.

Ido ya fi komai gaggawa. A buɗe fatar idon da yatsu ko da ƙarfi ne, don ido na rufe kansa in ya ji zafi, a zuba ruwa daga gefen hanci ya gangara waje, kada ya shiga ɗaya idon. A cire gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido in akwai. Bayan wankin, a tafi wurin likitan ido ko da raɗaɗin ya lafa, domin tabon da asid ke bari a baƙin ido na iya dusashe gani har abada.

Gwajin da kuke yi tsoho ne mai daraja. Wasu masana biyu na Ingila, Carr da Price, suka bayyana shi a 1926: ana narkar da sinadarin a cikin kulorofom, in ya haɗu da bitamin A sai ya ba da shuɗin launi da ke gushewa nan da nan. Kin lura in kwalbar gwajin na da ɗan danshi sai ruwan ya yi fari kamar hazo? Abin da kika gani a kwalbar shi ne ainihin abin da zai faru a idonki. Saboda haka tabarau na kariya mai rufe gefe dole ne, kuma a yi aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, tun da kulorofom ɗin ma yana taɓa hanta kuma yana sa jiri.

Likita, na ji an ce akwai antimoni a robar ruwan sha. Shin wannan mai ƙona fatar ne muke sha?

A'a Hajiya, kwantar da hankalinki. Wanda ake sawa wajen haɗa robar kwalabe shi ne antimoni tirayoksaid, ba ya ƙona fata irin wancan, kuma ɗan abin da ke tsatsowa cikin ruwa yawanci yana ƙasa sosai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato maikurogiram 20 a kowace lita. Abin da aka tabbatar shi ne zafi da daɗewa na ƙara yawan tsatsowar. Kada a bar kwalaben a rana ko a rufaffiyar mota, kada kuma a zuba musu tafasasshen ruwa.

Ranka ya daɗe, a masana'anta nake aiki. Jiya aka buɗe wata ganga, farin hayaƙi ya taso ya bugi fuskata. Na yi ta tari, idona na zubar da ruwa, amma yanzu ya yi sauƙi, sai ɗan nauyi a ƙirji. Sai na je asibiti? Kuma shekara shida ke nan ina wannan aiki, akwai abin da zai same ni nan gaba?

Malam, ka je yau, kada ka jira gobe. Farin hayaƙin da ka gani asid ne da ya haɗu da danshin iska, ya kuma ci gaba da haɗuwa da danshin maƙogwaronka da huhunka. Halin irin wannan hayaƙi shi ne yakan yi shiru na wasu awanni, mutum ya ɗauka ya wuce, alhali ruwa na taruwa a huhu a hankali. Nauyin ƙirjin da ka ambata shi ya sa ban yarda ka zauna a gida ba. In numfashi ya fara gajarta, ko murya ta dushe, ko kana jin ƙara kamar usur in ka ja iska, ko tari na fitar da kumfa, to wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare ne. Ka tafi da sunan sinadarin a rubuce, ko hoton takardar da ke jikin gangar. Yana taimaka mana ƙwarai.

Tambayarka ta biyu ta fi buƙatar nutsuwa. Wannan sinadari illa biyu gare shi. Ta asid nan take ake ganinta. Ta antimoni kuwa a hankali take zuwa. Masu daɗewa cikin ƙurar antimoni sukan samu wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda gumi ke taruwa, kamar wuya, hammata da lanƙwasar gwiwar hannu, sun fi fitowa lokacin zafi, sukan kuma baje in mutum ya bar wurin na ɗan lokaci. Akwai yawan tari, ciwon ciki da tashin zuciya, da tabo a huhu da hoto ke nunawa. Wanda na fi sa wa ido shi ne zuciya, domin antimoni na iya sauya tsarin bugunta, kuma sau da yawa gwajin bugun zuciya na i-si-ji ke fara nuna hakan kafin mutum ya ji komai. Ban kuma ɓoye maka ba: a 2022 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan rukuni na antimoni cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar daji. Wannan ba ya nufin za ka kamu. Yana nufin rage shaƙa ba abin wasa ba ne.

A Amurka, iyakar da hukuma ta sa a wurin aiki ita ce miligiram 0.5 na antimoni a kowace mita kubik ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), a tsawon aikin awa 8. Ka tambayi masu kula da ku ko ana auna iskar wurin. Ka nemi a gwada fitsarinka don ganin yawan antimoni, a yi maka i-si-ji da hoton ƙirji. Takunkumin yadi ba ya tare hayaƙin asid, sai mai matatar da aka yi domin hakan. Kada ka ci abinci a inda ake aikin, ka yi wanka kafin ka tafi gida, kayan aikin kuma su tsaya can, don kada ka kai wa iyalinka ƙurar.

Masana'antu ba za su daina amfani da shi ba, domin yana hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, yana taimaka wa rini ya kama yadi, ana ba ƙarfe launi da shi, da shi kuma ake haɗa wasu sinadaran antimoni. Haƙƙinka ne a ba ka kariya. In ka ga an rubuta SbCl5 a jikin ganga, wannan ɗan'uwansa ne, ruwa-ruwa ne, ya ma fi shi hayaƙi da ƙuna.

Likita, ni dattijo ne mai kiwo. Ina da wata tsohuwar kwalba da aka ba ni don hana 'yan maruƙa fitar da ƙaho, an rubuta antimoni a jiki. Jikokina na yawo a wurin. Me zan yi in wani ya lasa?

Baba, Allah ya tsare. Gaskiya ne an daɗe ana amfani da shi wajen ƙone tsiron ƙaho, har da ruɓewar kofato. Abin da ke iya cinye tushen ƙaho, ka ga abin da zai yi wa bakin yaro.

In hakan ta faru, kada a sa wa yaron yatsa a maƙogwaro, kada a ba shi wani abu don ya yi amai. Asid ɗin ya ƙona hanya da zai sauka, zai sake ƙona ta da zai dawo, yana kuma iya faɗawa huhu. A kurkure masa baki da ruwa ya tofar, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar. Ko da leɓe da harshe ba su nuna komai ba, ƙasa na iya ƙonewa. Dalalar da yawu da ƙin haɗiya manyan alamu ne. Antimonin da kansa zai iya jawo amai da gudawa masu tsanani har ruwan jiki ya ƙare, ya kuma taɓa zuciya, hanta da ƙoda. A asibiti akwai ƙarin ruwa, akwai na'urar leƙa maƙogwaro da ciki, akwai kuma magungunan da ke kama ƙarfen su fitar da shi ta fitsari, irin su daimakafurol.

Shawarata ka rabu da kwalbar. Kada ka juye ta a rafi ko magudana, tana kashe kifi da sauran halittun ruwa. Ka miƙa ta ga likitan dabbobi, shi zai nuna maka hanyar da ta fi sauƙi ga maruƙan ma. Kafin nan, a ɗaure murfin sosai, a kulle ta a busasshen wuri.

Likita, ƙanena na kwance da cutar kala-azar, an ce allurar da ake masa ta antimoni ce. Na karanta cewa guba ne. In ce a daina?

Kada ka ce a daina, ɗan'uwa. Kala-azar in ba a yi mata magani ba kusan kullum kisa take yi. Na fahimci tsoronka, tarihin antimoni a likitanci ma yana da nauyi. Farin garin nan da na ce yana kwantawa in tirakuloraid ya haɗu da ruwa, wani likitan Italiya mai suna Algarotti ya riƙa ba marasa lafiya shi don su yi amai da gudawa, fiye da shekara 400 da suka wuce, har garin ya ɗauki sunansa. Daga baya, a 1912, Gaspar Vianna a Burazil ya nuna wani gishirin antimoni na warkar da gyambon da ƙwayar lishmaniya, dangin wadda ke kawo kala-azar, ke haddasawa, a 1918 kuma Christopherson a Khartum ya yi maganin tsargiya da shi. Ya ceci mutane da yawa, amma yana da wahalar ɗauka ƙwarai.

Wanda ake yi wa ƙanenka wani rukuni ne daban da jiki ya fi jurewa, ana kuma auna shi daidai nauyin mutum, yawanci miligiram 20 a kowane kilo a rana. Duk da haka ba ya rasa illa, shi ya sa ake bin sa da i-si-ji da gwajin jini. Ciwon gaɓoɓi da kasala abu ne da aka saba gani. Amma in ya ce zuciyarsa na fizga, ko ya suma, ko ciwo mai tsanani ya kama shi a saman ciki yana ratsawa baya, ko idonsa ya yi rawaya, ka sanar da ma'aikatan jinya nan take, kafin a yi masa allura ta gaba. Ka kuma gaya wa likitansa duk wani magani da yake sha, har wanda aka kawo masa daga gida, domin wasu magungunan na haɗuwa da antimoni su ƙara dagula bugun zuciya. Allah ya ba shi lafiya.