Wata Biyu a Perugia: Amsa ga Ɗalibin da ke Son Koyon Italiyanci a Dogon Hutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, ina karatun injiniya a Istanbul, saura mini shekara ɗaya. Na tara ɗan abin da ya samu, ina so in yi Yuli da Agusta a Italiya in koyi harshensu, don ina da burin yin digiri na biyu a can. Wani abokina da ke Foggia, a kudancin Italiya, ya ce idan na iso zai haɗa ni da aikin tumatir in mayar da kuɗin jirgi, in na ga da hali ma in zauna gaba ɗaya. A gida kuma tun da suka ji an ambaci Turai aka fara lissafi. Me za ka ce?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Niyyarka ta farko mai kyau ce, ina goyon bayanta ƙwarai. Abin da abokinka ya ɗora a kanta shi ne zai lalata ta, don haka bari mu fara da shi.

Bizar da za a ba ka ta zaman da bai wuce kwana 90 ba ce, kuma ba ta halatta maka aiki. Ba a mayar da ita takardar zama ta ma'aikaci a cikin ƙasar. Iznin yin aikin awa 20 a mako da kake ji ana faɗi na ɗaliban da ke da takardar zama ce ta dogon karatu, ba irin taka ba. In ka wuce ranar da aka rubuta maka, ka zama wanda ba shi da takarda, kuma idan aka kore ka haramcin dawowa yakan kai shekara 3 zuwa 5. Sun ɗauki zanen yatsunka tun ranar neman biza, don haka babu batun a mance. Ka ga kenan digirin Istanbul da ya rage shekara ɗaya ya tafi, na Italiya da kake buri shi ma ya tafi.

Aikin tumatir ɗin kuma, ba na zargin abokinka da mugun nufi, wataƙila iya abin da ya sani kenan. Amma a gonakin Foggia sau da yawa ba mai gona ke ɗaukar ka ba, dillali ne da suke kira caporale. Shi zai cusa ku a mota da asuba, ya cire kuɗin motar daga ladanku, ana biyan ku bisa yawan akwatunan da kuka cika a cikin zafin ranar Agusta. Masu yin aikin da yawa suna kwana a bukkokin kwano da leda irin na sansanin baƙi na Borgo Mezzanone, kusa da Foggia. A watan Agustan 2018, cikin kwana uku kacal, leburori 16 'yan Afirka suka mutu a haɗarin irin waɗannan motoci guda biyu a wannan yanki. Tun 2016 akwai doka mai tsanani a kan dillalan, amma harkar ba ta mutu ba. Wanda ke da kujera a jami'a ba shi da dalilin shiga wannan motar.

To, mu koma kan karatun. Jami'o'in gwamnati biyu ne suka fi shahara da koya wa baƙi Italiyanci, ɗaya a Perugia ɗaya a Siena. Ta Perugia tun shekarun 1920 take wannan aiki, hedikwatarta a wani tsohon gini da ake kira Palazzo Gallenga, kuma tana da kwasa-kwasai na wata-wata daga matakin farko, A1, zuwa A2, B1, B2, C1, har na ƙoli, C2. Kafin ka fara za a yi maka gwaji a sa ka ajin da ya dace da kai. Saboda haka kada ka jira sai ka sauka. Fara tun yanzu a waya, ko da rabin awa ne bayan sallar asuba, don kada ka ƙone watan farko kana koyon gaisuwa da ƙirga.

Ga abin da ɗalibai da yawa ba sa ganewa sai sun dawo: takardar halartar kwas daban, takardar shaidar iya harshe daban. Ta biyun sai ka zauna jarrabawa, CELI ta Perugia ko CILS ta Siena, kuma suna da ranakunsu na musamman waɗanda ba lallai su faɗo a ƙarshen kwas ɗinka ba. Kwasa-kwasan jami'a da ake koyarwa da Italiyanci yawanci B2 suke nema. Daga sifili zuwa B2 a wata biyu, wannan ba zai yiwu ba, kada kowa ya ruɗe ka. In ka dage ka fito da A2 mai ƙarfi ka fara taɓa B1, ka ci riba, sauran ka ƙarasa a Istanbul.

Bizar a ƙaramin ofishin jakadancin Italiya na Istanbul za ka nema tunda can kake zaune, ka tabbata takardar zamanka ta Turkiyya tana da sauran rai sosai bayan ranar dawowarka. Za su so ganin takardar rajistar makaranta, masauki, tikitin zuwa da dawowa, shaidar kuɗi a banki, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000. Ka haɗa da takarda daga jami'arka mai nuna kana da sauran shekara, ita ce babbar hujjarka cewa za ka koma. Idan jirginka ya sauka Rum kai tsaye, shigarka ta kan iyaka ta wadatar. Idan ta wata ƙasar Shengen ka bi, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Italiya, sai ka sanar da ofishin 'yan sanda, Questura, cikin kwana 8, sai dai in a otal ka sauka.

Ɗaki kuwa, kada ka tura wa kowa kuɗin ajiya don hoto ya yi maka kyau a Facebook. Bi ta hanyoyin da makarantar ta nuna, ka nemi yarjejeniya a rubuce. Kuma ina roƙon ka, kada ka nemi ɗaki da wanda za ku riƙa Hausa ko Turanci dare da rana. Na san daɗin hakan, amma kuɗinka ne ke zubewa. Rabin karatun a waje yake, cikin garin Perugia: wajen mai burodi, a tashar ƙaramin jirgin garin, Minimetrò, da yamma a kan matakalar babban coci da ke dandalin Piazza IV Novembre inda ɗaliban duniya ke taruwa, da kan titin Corso Vannucci inda tsofaffi ke fitowa shan iska. Ka gaida su, ka yi kuskure, su gyara maka. Garin a kan tudu yake, hawa da gangara ne duk inda ka nufa, ka tafi da takalmi mai daɗin tafiya.

Yankin Umbria, inda Perugia take, gidan naman alade ne, don haka ka haddace waɗannan sunaye nasa kafin komai: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, porchetta, da strutto, wato kitsen alade da ake sakawa a wasu nau'o'in burodi da cincin ba tare da ka gani ba. Ka koyi tambaya kafin ka ci, har da batun giya a cikin miya. Akwai mahautan halal da wurin sallar Juma'a a garin, ɗalibai Larabawa da 'yan Senegal za su nuna maka. Abokan ajinka za su ja ka zaman yamma inda ake shan giya. Faɗa musu tun ranar farko ba ka sha, ka riƙe lemonka, yawanci daga nan magana ta ƙare. A Yuli magariba tana kusan kaiwa ƙarfe 9, isha ta yi nisa, asuba ta yi sammako, ga aji da safe, sai ka saba da ƙailula. Wajen 15 ga Agusta, hutun Ferragosto, shaguna da ofisoshi da yawa a kulle suke, duk wata takarda ka gama da ita kafin nan.

Saura gida, kuma wannan ya fi damuna. Lissafin da aka fara ba kwaɗayi ba ne, sun ga 'ya'yan wasu sun tafi Turai an ga canji. Amma shirunka ne ke ciyar da lissafin gaba, kuma nauyin wannan tsammani shi ke tura yara irinka gona. Kira Baba kafin ka sayi tikiti, ba saƙon murya ba, kira. Ka ce masa karatu za ka je, kashe kuɗi za ka yi ba samowa ba, ranar kaza za ka koma Istanbul. Ka nemi albarkarsa a kan haka, shi zai san yadda zai sanar da sauran. Hajiya kuma ka ware mata rana guda ta kira a mako da ba ta tashi. Hotunan da za ka riƙa sakawa a waya ka rage su, don wanda ya gan ka a gaban tsofaffin gine-ginen Rum ba zai yarda taliya da man zaitun kake ci kullum ba.

In ka koma, ka buɗe shafin Universitaly inda ake rajistar farko ta shiga jami'o'insu, ka kuma duba tallafin karatu na yankuna, wanda a Umbria hukumar ADiSU ke bayarwa. Suna neman takardun shaidar samun kuɗin iyali daga gida, fassararru kuma tabbatattu, abin da ke cin watanni a haɗa. Ka sa wani ɗan'uwanka a Katsina ya fara bin su tun kana Perugia.