Baro: Ƙauyen Da Dogo Ya Raya

Tambaya: Malam, wai da gaske daga wani ƙauye aka faro dogon da ya iso Kano? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Baro ke nan, ƙauyen Nufawa a gaɓar kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga can, saboda jiragen ruwa na iya kawo ƙarafa har bakin gaɓa. Ya ratsa Minna da Zariya, ya shiga Kano a 1911.

Da aka gama gadar Jebba, wadda dogon Legas ke bi ya ƙetare kogin Kwara, sai kaya suka koma bin layin Legas kai tsaye, Baro ta yi sanyi. Abin na ci mini rai, domin tsohuwar tashar tana nan, ciyawa ta rufe dogon.