Likita, da gaske ana shuka ƙoda a kwalba?

Maman Ummi daga Shara Mansur, Makka: Salam likita, mahaifinmu yana wankin ƙoda sau 3 a sati, sai na ga bidiyo a TikTok wai yanzu ana shuka ƙoda a kwalba, dan Allah a ina ake yi kuma riyal nawa ne?

Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika gani sunansa oganoyid, kuma akwai shi da gaske, amma ba ƙodar dashe ba ce. Ana ɗaukar ƙwayoyin halitta na asali ne, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, a sa su cikin wani abu mai yauƙi a riƙa ba su abinci, sai su haɗa kansu su zama ɗan dunƙule mai kama da wani sashe na ƙoda ko hanji, girmansa bai wuce ƙwayar gero zuwa ta wake ba, ba shi da jijiyoyin jini masu kai masa abinci shi ya sa in ya ƙara girma cikinsa mutuwa yake yi. Na hanji Toshiro Sato ya yi shi a ɗakin binciken Hans Clevers a Holan a 2009, ɗaya daga cikin sanannun na ƙoda kuma ya fito daga su Melissa Little a Ostireliya a 2015. Amfaninsu nazarin cuta ne da gwajin magani. Dan Allah duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai samo wa Baba irin wannan ƙodar kar ki ba shi ko halala ɗaya, kuma kar a tsallake wanki ko sau ɗaya, maganar dashe ku yi ta da likitansa a mustashfa, wato asibiti.

Malam Sani daga Jidda: Na ji har ƙwaƙwalwa ake yi, tana tunani ne? Kuma ya hukuncinsa?

Malam ba ta tunani, ba wata hujja da ta nuna tana jin zafi ko ta san tana raye. Madeline Lancaster ce ta yi ta a Viyana a 2013 don a gano dalilin haihuwar jarirai da ƙaramin kai, da cutar Zika ta ɓarke a Barazil kuma da irinta aka ga a 2016 yadda ƙwayar cutar ke cinye ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa, abin da ba yadda za a yi a leƙa cikin mai ciki a gani. Hukunci na malamai ne, amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a nan Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin asali a 2003 in dai tushensu halal ne, kuma tun aikin Yamanaka na Japan a 2007 daga fatar baligi ma ana samar da su.

Hajiya Balaraba daga Madina: Ina fama da kansar hanji, za a iya gwada maganin a kan wannan abu kafin a ɗura min?

Sannu Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni don na san wahalar kimo, wato maganin kansa da ake ɗurawa. Eh ana yi, daga ɗan naman da aka gutsura a ƙarin kansar ake rainonsa a ɗiga masa magunguna daban daban a ga wanne ke kashe shi. Sai dai yana cin makonni, wani lokacin ma ya ƙi tsirowa, kuma ba garkuwar jiki a ciki, to sakamakon ba lallai ya yi daidai da jikinki ba, har yanzu yawanci a matakin bincike yake. Ki tambayi likitanki ko akwai irin binciken da za ki iya shiga, amma kar ki ɗage ranar allurarki don jiransa.