Filin Manoma: Na shuka ƙwallon Ajwa, me ya hana shi haifar Ajwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara 7 da suka wuce na dawo daga Umara da dabinon Ajwa. Muka ci, na tara ƙwallayen na shuka 30 a lambuna, 24 suka rayu. Yanzu 11 suna fitar da huda amma ba sa 'ya'ya, an ce mini maza ne. Waɗanda suka haihu kuwa kowanne da kamarsa, babu mai baƙi da laushi irin na Madina. Cutata aka yi a kasuwa, ko ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba?
Daga wani Alhaji a Haɗeja

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, wannan abin da ka gani ba ya nuna an cuce ka. Ko da hannunka ka tsinko Ajwar a gonakin Madina, haka za ta yi maka. Raina yana sosuwa duk lokacin da irin wasiƙarka ta zo, domin shekara 7 na ban ruwa ba wasa ba ne, kuma na san zafin abin. Ina saurayi na shuka ƙwallo 16 a bayan gidan mahaifina, na yi ta ɗauko musu ruwa daga rijiya da jarka, ƙarshe 9 suka zama maza, a cikin matan kuma ɗaya tak ke da 'ya'yan da za a miƙa wa baƙo.

Dabino yana da namiji, yana da mace, kowanne itacensa daban. Naman da ka ci na uwa ne, shi ya sa ya yi ɗanɗanon Ajwa. Amma ƙwallon da ke ciki ɗa ne, rabin gadonsa daga uwa, rabi daga wani namijin da aka yi barbara da garin hudarsa, wanda ba ka taɓa gani ba. Ita kanta uwar abin da take ɗauke da shi gauraye ne daga nata iyayen, kuma kowane ƙwallo da irin rabon da ya samu. Kamar 'ya'yan ɗaki guda ne: uwa ɗaya uba ɗaya, amma wannan dogo, wancan gajere, wani har a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kusan rabin abin da aka shuka daga ƙwallo maza ne, kuma manomi ba ya gane su sai ranar da suka fitar da huda. Naka 11 cikin 24, lissafin ya hau daidai.

To yaya Ajwa ta zauna Ajwa tsawon ɗaruruwan shekaru? Ta hanyar tohon gindi. Wannan ɗan da ke fitowa a jikin uwa kusa da ƙasa babu hannun namiji a cikinsa. Jikin uwar ne ya ci gaba. In mace ce, mace za ka samu, da ɗanɗanonta da girman 'ya'yanta. Mu ba baƙon abu ba ne a gare mu: haka muke dasa rogo da sandarsa, rake da gaɓarsa, dankali da yabanyarsa.

Akwai labarin da nake ba duk manomin da ya zo mini da wannan zance. Dabinon nan manya-manya da ake rubuta wa Medjool a kwali, asalinsa na Maroko ne. Wata cuta da ake kira bayud, naman gwari da ke zaune cikin ƙasa yana shiga ta saiwa, ta kashe miliyoyin itatuwan dabino a can. A 1927 wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Walter Swingle, ya ɗauki toho 11 daga garin Budenib ya kai ƙasarsu. Aka killace su a jihar Nebada na wasu shekaru don a tabbatar ba su zo da cutar ba, 9 suka rayu, daga baya aka mayar da su Kalifoniya. Daga waɗannan 9 gonakin Medjool na Amurka suka yaɗu. Da ƙwallo ya kwasa, da babu wannan labari.

Sai dai a cikin labarin akwai gargaɗi. Gonar da duk itatuwanta toho ne na uwa ɗaya, rauninsu ma ɗaya ne. Cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da duka. Kuma toho yana tafiya da abin da ke jikin uwarsa, har da ƙwaron nan ja mai cin cikin dabino, wanda ya ratsa ƙasashe a ɓoye cikin dashe. Ƙwallo ba a raina shi ta nan: kowane irin dabino mai suna a duniya, wata rana ƙwallo ne da ya tsiro, wani ya ɗanɗana ya ce wannan ba a bari ya ɓace.

Don haka, Alhaji, kada ka ɗauki gatari tukuna. Ka zagaya matan nan 13 lokacin nuna, ka ɗanɗana kowacce, ka duba wadda ruwan sama bai ruɓar da 'ya'yanta ba, domin wannan ita ce babbar jarrabawar dabino a ƙasarmu. Wadda ta fi, ka shafa mata fenti. Ka tara ƙasa a gindin tohonta yana jiƙa har ya yi saiwar kansa. Kada ka yi gaggawar raba shi da uwa: sai ya shekara 3 ko 4, ya kai nauyin kilo 10 ko fiye. A yanke shi da ƙarfe mai kaifi mai faɗin baki, yanka ɗaya mai tsabta, a rage ganyen, a ɗaure sauran, a dasa, kada ƙasa ta rufe zuciyarsa. Uwa tana ba da toho ne tana da ƙuruciya, in ta tsufa sai ta daina, saboda haka naka yanzu ne lokacinsu. In kuma suna mai daraja kake so, ka nemi dashe daga inda za a nuna maka uwar da idonka. Cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, wato NIFOR, tana da reshe a Dutse da ke aikin dabino, kuma ba ta yi maka nisa ba.

Tambaya: Malam, mijina ya rasu ya bar mana dabino 20 a garka, 8 maza ne. Yara sun ce a sare su duka tunda ba sa haihuwa.
Daga wata Hajiya a Damagaram

Amsa: Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Ki ce wa yaran su dakata. In babu namiji, matan ba za su ba ku 'ya'yan kirki ba. Namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kusan 50 in ana barbara da hannu, amma ku bar 2, mai saurin huda da mai jinkiri, don kada mace ta buɗe ba a samu gari ba. Ku zaɓi masu babbar huda da gari mai yawa, domin namijin da aka yi amfani da shi yana taɓa girman 'ya'yan da lokacin nunarsu. Ranar da kwanson mace ya tsage, ko cikin kwana biyu zuwa uku, a yanko silin hudar namiji kamar 3, a kifa su cikin tata, a ɗaure sako-sako. Sauran 6 ɗin in an cire su, a dasa tohon macen da marigayin ya fi yabo a gurbinsu.