Man zaitun zai iya maye gurbin ƙwayar ciwon jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni birkila ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Kullum in na tashi daga aiki, gwiwoyina da gadon bayana kamar an yi mini duka, har na saba da haɗiyar ibuprofen kafin in kwanta. An ce mini man zaitun yana kashe kumburi kamar ƙwayar. In koma masa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da aiki, Allah ya ƙara lafiya.

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya rage maka zance. A shekarar 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano cewa wani sinadari na ɗanyen man zaitun, mai suna oleocanthal, yana toshe hanyar da jiki ke bi wajen haifar da kumburi da raɗaɗi, hanyar da ibuprofen ke toshewa. Amma ga lissafin da suka yi: giram 50 na man, kusan babban cokali huɗu ke nan, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar da babban mutum ke sha ba. Saboda haka in ka sha yau da daddare, kada ka sa ran gobe ka tashi garau.

Amfaninsa a hankali yake taruwa, ga wanda ya mai da shi abincin yau da kullum. A Sifaniya an bi mutum 7,447 kusan shekara biyar, aka ga waɗanda aka ɗora kan cimar da ta ƙunshi wannan man, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Kuma ba kowace kwalba ba ce. Duba takardar jikinta, ka nemi wadda aka rubuta “vierge extra” da Faransanci, wato ɗanyen mai na tatsar farko. In ka ga “grignons”, daga tunkuzar zaitun aka tatso shi, sinadarin ya kusa ƙarewa. Ɗanɗana kaɗan: na kirki yana da ɗan ɗaci, yana kuma kartar maƙogwaro har ka yi tari, kuma wannan kartar ita ce shaidar sinadarin. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana lalata shi, don haka guji kwalbar da ta yini a rana kan tebur, ka sayi ƙarama mai duhu, ka ajiye ta a inuwa. Cokali ɗaya ko biyu a kan ɗanwake, dafaffen wake ko kwaɗon zogale bayan an sauke ya wadatar. Soya ƙosai da shi asarar kuɗi ce.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ƙwayar nan ta kullum. Mutumin da ya yini yana zufa a rana, ruwan jikinsa ya ragu, sannan ya ɗora ibuprofen, ƙodarsa yake wahalarwa, ga kuma haɗarin gyambon ciki. Ka riƙa shan ruwa sosai a wurin aiki, ka samu barci, ka ci abin da ke gina tsoka: wake, ƙwai, kindirmo, kifin Binuwai. Sannan ka je asibiti a duba gwiwar, a auna maka jini da ƙoda. In gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ka ga bayan gidanka ya yi baƙi, kada ka jira ranar hutu, ka tafi a ranar.