Filin Tambaya da Amsa: Shin ajiye aiki yana karya lafiyar dattijo?

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekarata 58, kuma ina da hawan jini. Mutane na cewa duk wanda ya yi ritaya ba ya daɗewa. In na sami damar ƙara shekaru a aiki, in karɓa ko in huta?

AMSA: Malam, rai da ajali suna hannun Allah, amma maganar da ake yi ba ta rasa tushe. A Amurka, jami'ar Mishigan tana bin diddigin dubban mutanen da suka haura shekara 50 tun 1992, duk bayan shekara biyu a koma a tambaye su lafiyarsu da aikinsu. A 2016 masu bincike suka ɗauki mutum 2,956 daga cikinsu, suka gano cewa a cikin masu ƙoshin lafiya, jinkirta ritaya da shekara ɗaya yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 11 cikin ɗari. Sai dai a kula: sau da yawa ciwo ne ke korar mutum daga aiki da wuri. In ya rasu bayan shekara biyu sai a ce ritaya ce, alhali ciwon ya riga ritayar zuwa.

A Faransa kuma aka sami akasin haka. An bi ma'aikatan kamfanin wuta da gas sama da 14,000, kuma sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna masu kukan rashin lafiya sun ragu daga kusan kashi 19 zuwa 14 bayan sun ajiye aiki. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu aikin wahala. Darasin da muke ɗauka daga biyun shi ne, irin aikin da mutum zai bari da abin da zai tarar a gida su ne ke yanke hukunci.

Koyarwa ba ta cin ƙashi kamar dako, tana kuma ba ka dalilin fita da safe da haɗuwa da jama'a. Dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malaman makaranta shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, maimakon 60 ko 35 na sauran ma'aikata. Ka tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku yadda ake aiwatar da ita a wurinku. Kafin ka sa hannu, ka auna jininka sau biyu a mako har wata guda, kana zaune ka huta minti biyar, ka rubuta a littafi. In yana tsayawa ƙasa da 140 bisa 90 da magani, idonka na ganin rubutu, kuma makarantar ba ta buƙatar doguwar tafiya a babur kullum, a ganinmu ka ci gaba. In kuwa lambar sama tana haura 160 duk da magani, ko kana haki in ka yi 'yar tafiya, ko ƙafa na kumbura, likita za ka fara gani, ba ofishin ilimi ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka fara tattara takardar kama aiki, ta tabbatar da kai, da na ƙarin girma tun yanzu. Saɓanin ranar haihuwa tsakanin takardu na daga cikin abubuwan da ke riƙe fansho da garatuti wata da watanni, kuma a wannan jiran ne mutane ke daina sayen maganin hawan jini. Ka ware kuɗin maganin wata shida gefe.

TAMBAYA: Mahaifinmu a Dambatta ya kusa 70, ya ƙi barin gona. Bara ya faɗi yana noma. Mu 'ya'yansa muna so mu hana shi fita kwata-kwata. Daidai ne?

AMSA: Allah Ya saka muku da alheri da wannan kulawa, amma kada ku ƙwace wa Baba gonarsa. Tsoka tana raguwa da shekaru, raguwar tana ƙara sauri bayan 60, kuma ba abin da ke gaggauta ta kamar zama. Dattijon da aka zaunar a zaure wata uku zai iya rasa ƙarfin da ba zai dawo ba, ga kewa da tunani. Ku sauya masa aikin kawai.

Da farko a san abin da ya kayar da shi. Ku kai shi asibiti a auna jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe, domin wasu jininsu na faɗuwa in sun tashi daga sunkuyo, musamman masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. A gwada suga kafin ya karya kumallo. 126 ko sama da haka a ma'aunin mg/dL, in an maimaita an sami hakan, ciwon suga ne. A duba ido, don yanar ido tana cikin manyan dalilan faɗuwar tsofaffi, kuma aikin cire ta ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Sannan ku raba aikin gona gida biyu. Huɗa da garma, ɗaukar buhun taki mai kilo 50, feshin maganin ciyawa da hawa bishiya, waɗannan ku ɗauke masa, ko ku biya 'yan ƙwadago. Zaɓen iri, shuka, duba yabanya, kula da awaki, tsayawa kan masu aiki da shawarar ranar girbi kuwa nasa ne, kuma ya fi ku saninsu. Ya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin ƙarfe 11. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kuma ba ya gumi kamar na matashi, shi ya sa zafin bazara mai haura digiri 40 ke kayar da shi ba tare da gargaɗi ba. Ya sha kofi ɗaya na ruwa duk bayan minti 20 in yana aiki a rana, ko bai ji ƙishi ba, sai dai in likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Abu ɗaya da muke roƙon ku bincika yau: aljihun rigarsa. Manoma da yawa na haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su daikolofenak da ibufurofen kullum don su iya sunkuyo. Shan su a kai a kai yana tayar da hawan jini, yana cin ƙoda, yana huda ciki ya sa jini. In ciwon baya ko gwiwa ne, a fara da farasitamol, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya. Kuma ku gaya masa wannan shawara cikin ladabi, a matsayin roƙo, ko ku sa amininsa ya faɗa masa.

TAMBAYA: Ina gadin dare a wata makaranta a Gumel, shekarata 63. Ba ni da fansho. Ya zan yi?

AMSA: Baba, aikin dare ya fi wahalar da jiki bayan shekara 50, domin barcin rana ba ya nauyi, kuma rashin barci yana dagula hawan jini da suga. Ka nemi a mai da kai gadin rana ko a haɗa ka da wani ku riƙa karɓa-karɓa. In hakan bai yiwu ba, ka yi barcin awa huɗu zuwa biyar a jere da hantsi a ɗaki mai duhu, ka ƙara kaɗan bayan azahar, ka daina goro da shayi daga ƙarfe 3 na dare. Ka je ƙaramin asibitin da ke kusa da kai ka tambayi yadda ake rajistar tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Jigawa, ka tafi da lambarka ta katin ɗan ƙasa. Daga albashin kuma ka fara sayen tunkiya ko akuya ɗaya-ɗaya, don ranar da za ka ajiye tocila ka tarar da abin yi a gida.