Tambaya da Amsa: Hanyar ruwan da jirgin ƙasa ya riga isa

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka an shekara 22 ana haƙa wata hanyar ruwa, amma jirgin ƙasa ya kashe mata kasuwa. Wace ce, kuma me ya kayar da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Sunanta Chesapeake and Ohio. Ranar 4 ga Yulin 1828 Shugaba John Quincy Adams ya ƙaddamar da haƙarta kusa da Washington, a ranar nan kuma aka aza harsashin layin dogon Baltimore and Ohio. An so a kai hanyar ruwan har kogin Ohio, amma kuɗi suka ƙare a garin Cumberland a 1850, bayan kilomita 297. Jirgin ƙasa kuwa tun 1842 ya isa can.

Matsalar farko hawa ce. Cumberland ta fi Washington tudu da kusan mita 184, ruwa kuma ba ya hawa tudu. Sai aka gina matakalan ruwa 74, kowace ɗaki ce ta dutse mai tsawon mita 27 da faɗin mita 4 da rabi, da ƙofofin katako gaba da baya. Jirgin ruwa ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe ƙananan kafofin ta gaba, ruwa ya cika ɗakin ya ɗaga shi kamar mita 2 da rabi, sannan a buɗe masa ya wuce.

Alfadarai ke jan jiragen da igiya daga gefe, kowane jirgi ɗauke da kwal sama da tan 100. An hana wuce kilomita 6 a awa, domin igiyar ruwa tana cin gaɓa, gaɓar kuwa ƙasa ce da aka daɓe da yumɓu. Rami ɗaya na ɓeran ruwa ya isa ya fasa ta. Tafiya takan ci kusan mako guda. Da hunturu ruwan ya daskare, aiki ya tsaya cak, jirgin ƙasa na ta kai-komo.

A ganinmu kogin Potomac ne ya fi yi mata illa, don a gefensa take kwance. Ambaliyar 1889 ta karya kamfanin hanyar ruwan, ragama ta koma hannun kamfanin jirgin ƙasan da suke gasa da shi. Bayan ta 1924 ba a sake dakon kaya a kanta ba. Gwamnati ta saye ta a 1938, a 1971 aka mai da ita wurin tarihi na ƙasa, hanyar alfadaran kuma yau masu keke ke bin ta.